Wuƙa tana ƙyalli amma ba ta ci: amsa kan abin wasa wuƙa mai sanda

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gasa nama ne a Tawa. Wana da ke Abijan ya aiko mini da abin wasa wuƙa na Lansky, mai mariƙi da sanduna da duwatsu biyar. Na sa sanda a ramin da aka rubuta 20, na bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda hoton takardar ya nuna. Bakin wuƙaƙen ya yi ƙyalli, amma ɗaya ko tumatir ba ta ci, ɗayar kuma tana yanka takarda, sai dai da na yanka albasa biyu ko uku sai ta dakushe. Kuma inda dutsen ya ci ya fi faɗi a gefe ɗaya, wajen tsini ma ya fi faɗi. Da dutsen da na saba ban taɓa ganin haka ba. Abin ne jabu, ko ni ne ban iya ba? Ga Babbar Sallah na tafe."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka, abubuwa uku ne suka haɗu maka: wuƙar da aka wasa amma ba ta ci, wuƙar da ta ci amma kaifin bai daɗe ba, da kuma bakin da ya fito ba daidai ba. Kowanne da dalilinsa, kuma ba na zaton jabu ne matsalarka. Wasa wuƙa da almakashi ne aikina a nan Yamai, da dutse na fara kafin in haɗa da irin wannan na'ura, kuma kusan duk wanda ya kawo mini tasa yana kuka da ita, ɗayan waɗannan ukun ne ya kawo shi.

Ka fara riƙe wannan: aiki ɗaya tak na'urar take yi maka, wato ta hana hannunka karkacewa. Mai wasa da dutse yana jin bakin wuƙa a yatsunsa, in ya ga bai kai ba sai ya ɗan ɗaga bayanta ba tare da ya yi tunani ba. Shi ya sa da dutsenka na da ba ka taɓa ganin haka ba, hannunka ne yake gyara kansa. Sanda kuwa ba ta gyara komai. Inda ka ɗora ta nan za ta yi ta bi, ko da wurin ba shi ne bakin wuƙar ba. Kamfanin Lansky na Amurka ya fara fitar da wannan tsari tun 1979, bayansa aka samu irin su Edge Pro da KME da Work Sharp, da Ruixin na China da ya fi su araha, amma duk tushensu ɗaya: a zaunar da wuƙa wuri ɗaya, a ɗaura dutse a sanda, a sa gindin sandar a wani tsayi da ba ya motsi. Don haka abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Lambar da ke jikin rami

Ramuka huɗu ne a mariƙin naka: 17, 20, 25 da 30. Lambobin digiri ne na kusurwar baki, wato yawan karkatar dutse a kan wuƙa, a gefe ɗaya, wato 20 na nufin 40 in aka haɗa gefe biyu. Amma lambar ba ta zama gaskiya sai bakin wuƙa yana wani nisa takamaimai daga ramin. Bari in ba ka misali da lissafi. A ce ramin yana santimita 4 sama da tsakiyar wuƙar, bakin wuƙar kuma yana santimita 11 daga gindin ramin, kusurwar digiri 20 ce. Ka sa babbar wuƙa mai faɗi wadda bakinta ya kai santimita 13, ramin bai canza ba, amma kusurwa ta sauko kusan 17. Ka sa ƴar siririya wadda bakinta ke santimita 9 da rabi, ta haura kusan 23. Wuƙar nama tana da faɗi, don haka ina kyautata zaton kana wasa ta ƙasa da abin da kake tsammani.

Ga kuma yadda wuƙar ta zo maka. Wuƙar da ta shekara ana wasa ta da hannu a dutse ko magagari, bakinta ya riga ya yi kauri, sau da yawa ya kai digiri 25 ko 30 a kowane gefe, kuma ya ɗan kumbura. In ka ɗora mata dutse a 17 ko 20, kafaɗar bakin kawai yake ci, wato wurin da bakin ya haɗu da jikin wuƙa. Can ƙarshe inda gefen biyu suke haɗuwa, inda yankan yake, dutsen bai taɓa shi ba. Sai ka bi duwatsu biyar kana goge kafaɗa har ta yi sheƙi, bakin yana nan a dakushe yadda ka same shi. Wannan ita ce wuƙarka ta farko.

Maganinsa ba ya cin kuɗi. Nemi alƙalamin maka mai baƙar tawada, irin wanda ake rubutu da shi a kwali ko buhu, ka shafe bakin wuƙar gaba ɗaya a gefe biyu. Ɗauki dutse mai laushi, a bushe, ka shafa sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba, sannan ka fita rana ka duba. In tawadar ta goge a sama ta bar baƙin layi a can ƙarshen baki, kusurwarka ta yi ƙasa, koma ramin da ke sama. In ta goge a ƙarshen baki kawai ta bar sama, kusurwar ta yi yawa. In ta goge daga sama har ƙasa, ka dace. Ni ba na fara wasa wuƙar da ban sani ba sai na yi wannan, ko da mai ita yana tsaye yana sauri. Hoton waya ma yana taimakawa: ka ɗauka, ka buɗa shi, za ka ga siririn layin da ido bai gani ba.

Daga nan zaɓi biyu ne a gabanka. Ko ka bi kusurwar da wuƙar take da ita, ka gama cikin ɗan lokaci, ko ka dage sai ka mai da ita 20, wanda ke nufin cinye kafaɗar nan duka da dutse mafi kaushi har ka kai baki. Na biyun ya fi ba da wuƙa mai shiga nama da sauƙi, amma da waɗannan ƴan siraran duwatsu aiki ne da kan ci awa guda ko fiye a wuƙa ɗaya. Tunda Sallah ta matso, shawarata ka sa ramin 25 a wuƙaƙen fiɗa da na aiki mai nauyi, ka ware guda ɗaya ta yanka tsoka ka zauna mata wata rana ka sauke ta zuwa 20. Sau ɗaya ake wannan wahala. Ramin 17 kuwa ka bar shi, ƙarfen yawancin wuƙaƙen da ke hannunmu ba zai riƙe shi ba.

Leɓen ƙarfe

Duwatsunka biyar lambobinsu 70, 120, 280, 600 da 1000. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Kuskuren da na fi gani shi ne a raba lokaci daidai tsakaninsu, ko a yi ta ƙirga shafa, goma nan goma can. Kusan duk aikin a dutsen farko yake, sauran goge sawunsa kawai suke yi. Kuma ba ƙirga ke gaya maka ka gama da shi ba. Idan dutse ya ci gefe ɗaya har ya kai ƙarshen baki, ƙarfen da ya yi siriri yakan lanƙwasa zuwa ɗaya gefen ya yi ɗan leɓe. Za ka ji shi in ka shafo yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki a gefen da ba ka wasa ba, yana ɗan kama fata. Kada ka taɓa jan yatsa a tsawon baki. Dole leɓen ya fito tun daga gindi har tsini, babu wurin da ya tsallake. Sai ka juya, ka wasa ɗaya gefen har leɓen ya komo. Kafin haka ta faru a gefe biyu, taɓa dutse na gaba ɓata lokaci ne. Wuƙar da ba ta da gibi, 120 ko 280 ya isa farawa, 70 na mai gibi ne ko wadda za a sauya wa kusurwa.

Wuƙarka ta biyu kuma, mai yanka takarda ta mutu a albasa, ita ta kai baki, amma an bar mata leɓen. Wannan ya fi yaudara, domin duwatsu masu laushi sukan miƙar da leɓen ya tsaya cak, siriri kamar gashi, har aski yana yi. Da ya gamu da albasar Galmi da katako sai ya kwanta ko ya karye, ya bar baki a dakushe. Inoks mai araha, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ya yi ƙaurin suna da wannan hali, leɓensa yana da danƙo, ka tura shi nan ya koma can, ba ya son rabuwa da wuƙa.

Ga yadda nake cire shi. Tun daga dutse na biyu nake rage ƙarfin hannu, kowane dutse ya fi wanda ya gabace shi sauƙin dannawa. A dutsen ƙarshe nauyin dutsen kansa ya isa. Ina tura dutsen ya shiga bakin, kamar wuƙar za ta yanko shi, ba na ja da baya, kuma shafa ɗaya nan, in juya, shafa ɗaya can. Juyawar tana da gajiyarwa a irin mariƙinka, na sani, amma nan ne kaifin yake samuwa. In leɓen ya ƙi, sai in koma ramin da ke sama da wanda na yi aikin, in yi shafa biyu ko uku marasa nauyi a kowane gefe. Wannan yana yanke leɓen daga tushe, ya kuma bar wani ɗan mitsitsin baki mai ƙarfi a kan na farko, wanda ga wuƙar mahauci alheri ne. Bayan nan a cire ta daga mariƙi a ja ta a fata, baya-baya yadda wanzami ke yi wa aska. Guntun fata daga wurin dukawa, a manna shi a katako mai santsi, ya wadatar. Kada a danna, kada kuma a ɗaga bayan wuƙar a ƙarshen ja, in ba haka ba fatar za ta dunƙule bakin.

Gwajin takarda kaɗai ba ya isa. Ka yanka takarda, sannan ka ja bakin sau biyu ko uku a kan katako kamar kana yanka, ka sake komawa takardar. In har yanzu tana ci, kaifin na gaske ne. Ka kuma fuskantar da bakin sama a rana ka dube shi: baki mai kaifi ba ya mai da haske, duk inda ka ga ɗigon ƙyalli, wurin bai kai ba ko leɓe ya kwanta.

Wani abu da zan ƙara tunda nama kake yanka: ba dole ne ka kai 1000 ba. Bakin da aka tsaya da shi a 600 yana da ƴan ƙananan haƙora da ke kama jijiya da fata da bawon tumatir. Wanda aka goge ya yi santsi sosai yana da kyan gani, amma a kan kitse da tantani yakan zame. Mahautan da nake yi wa aiki, da masu yanka naman kilishi falle-falle, mafi yawansu a 600 nake tsaya musu, sai fata.

Gefe ɗaya ya fi faɗi

Dalilin farko da zan duba shi ne zaman wuƙar a mariƙi. Jikin yawancin wuƙaƙe ba shafaffe ba ne, yana da kauri a baya yana sirancewa zuwa baki. In leɓunan mariƙin ba su kwanta daidai a jikinta ba, sai ta jingina gefe guda, kusurwa ta ragu a nan ta ƙaru a can. Karkatar digiri 2 kawai tana mai da 20 ta zama 18 a wani gefe, 22 a ɗayan. Noti biyu ne a mariƙin: na gaba shi ake fara daidaitawa da kaurin wuƙar, na baya shi ke matsewa. Bayan ka matse, ɗaga ta ka hango ta daga tsini, ka ga ko bakin yana tsakiyar leɓunan biyu. Ka kuma gwada girgiza ta da yatsa. In tana motsi, liƙa salatif na takarda ko siririyar fata a wurin da za a kama, yana hana zamewa kuma yana hana ƙarzane jikin wuƙa.

Na biyu, sandunan. Kafin ka ɗaure sanda a dutse, kifa dutsen a kan tebur shafaffe, ka tabbata sandar ta kwanta a teburin daidai da fuskar dutsen, sannan ka matse. Sanda ɗaya da ta lanƙwashe ko ta zauna sama da sauran tana sauya kusurwar dutsenta, sai ka ga 280 ya kai baki amma 600 ya koma cin kafaɗa. Ana miƙe ta da hannu. Kuma yayin wasa, sa yatsa ka riƙe sandar ta zauna a wuri ɗaya cikin ramin, domin ramin ya fi ta faɗi. Masu irin Ruixin ko Edge Pro su kuma kaurin dutse ne ke yi musu haka: bambancin milimita 3 tsakanin duwatsu biyu yana kawo kusan digiri guda, don haka a sake gwajin tawada duk lokacin da aka sauya dutse.

Na uku, mai yiwuwa haka wuƙar ta zo, ko kuma ka daɗe a gefen farko kana neman leɓe, gefe na biyu ya ba ka shi nan da nan. In haka ne, kada ka cinye ƙarfe don neman kyan gani. Wuƙar za ta yi yanka lafiya. Duk wasa na gaba ka fara da gefen da ya fi ƙanƙanta, a hankali za su daidaita.

Batun tsini kuwa, mutane da yawa suna cewa nisan sanda ne ke rage kusurwa. A wurin da bakin yake miƙe sak, kusurwa ba ta canzawa komai nisan da dutse ya yi zuwa dama ko hagu. Inda take canzawa shi ne wurin da bakin ya lanƙwasa ya nufi tsini, musamman in an kama wuƙar kusa da ƙota. Matsar da mariƙin ya kusanci lanƙwasar, ko ka ɗan karkata wuƙar yadda gindin baki da tsini za su yi nisa ɗaya da mariƙin, sannan tawada ta gaya maka ko ka dace. Akwai kuma abin da ba na'ura ce ta jawo shi ba: wuƙaƙe da yawa sun fi kauri a bayan baki wajen tsini. A digiri 20, in kaurin wurin rabin milimita ne, faɗin da dutse zai ci bai kai milimita ɗaya ba, in kaurin ya ninka, faɗin ma ya ninka. Wannan ba aibi ba ne. Abin da za ka kiyaye shi ne kada dutsen ya zarce tsini ya faɗa, ka tsaya tsinin yana tsakiyar faɗin dutse, in ba haka ba zai dunƙule. Idan ka sami zaman da ya yi daidai, ɗauki hotonsa, domin wasa na gaba ka mai da wuƙar wurin, ka gama cikin ƴan mintoci.

Duwatsu da ƙarfen kansa

Dutsen da ya yi baƙi ya yi santsi ya toshe da garin ƙarfe, ba ya ci. Ɗiga masa man da ya zo da shi ka goge da tsumma. In ya ƙare, man keken ɗinki ya yi. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa su yi danƙo a cikin dutse, ga ƙurar hunturu ta zo ta manne, kada ka sa. Dutse mai kaushi yakan yi kwari a tsakiya in an daɗe ana aiki da shi, sai a shimfiɗa samfefa a kan gilashi a goga shi har ya koma shafaffe, kuma a riƙa amfani da tsawonsa duka. In wata rana ka sami duwatsun daimon, masu ƙwayoyin lu'ulu'u manne a fuskarsu, su ba a danna su ko kaɗan, dannawa tana tumɓuke ƙwayoyin.

Wani lokaci kuma laifin na ƙarfen ne. Wuƙar da aka taɓa kai wa mai injin gurza har bakinta ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, zafi ya kashe taurin wurin, ba za ta riƙe kaifi ba sai an cinye wannan ɓangaren an kai ga lafiyayyen ƙarfe. Wuƙaƙen maƙeranmu, irin waɗanda ake samu a kasuwar Katako ko a kasuwarku, da yawa daga ƙarfen sifirin na mota ake ƙera su, ƙarfe ne mai kyau da ke ɗaukar kaifi da sauri, amma taurinsu ya danganta da hannun maƙerin, har a wuƙa ɗaya wani wuri yakan fi wani. Gwada da magagari: in ya kama bakin yana ci cikin sauƙi, ƙarfen yana da taushi, ba shi 25 ko 30 ka riƙa taɓa shi akai-akai. Jikinsu kuma da sawun guduma, ba ya zama daram a mariƙi sai da fata. Ka kuma duba abin da kake yanka a kai. Tiren ƙarfe da faranti da wayar gasa nama suna kashe kowane kaifi nan take, haka ma yashin da ke cikin gashin rago lokacin fiɗa. Ware wa fiɗa wuƙarta, ƙashi kuma a bar wa adda.

Ban riƙe wuƙaƙenka a hannu ba, don haka abin da na faɗa na dogara ne da bayaninka, tawadar ce za ta tabbatar maka da wanne ne naka. Ita ma na'urar tana da iyaka. An yi ta ne don wuƙaƙe ƙanana da matsakaita. Doguwar wuƙar yanka da ta wuce santimita 20 sai an kama ta a wuri biyu, a wasa rabi a matsar, a haɗa tsakiyar da kulawa. Mai laushin jiki tana lanƙwasawa a ƙarƙashin dutse sai ka tallafe ta da yatsu ta ƙasa, ƴar siririya kuma dutse yakan ci mariƙin maimakon bakinta. Kuma wuƙar da ta tsufa ta yi kauri a bayan baki, ko ta yi kaifi ba za ta ratsa albasa da daɗi ba sai an rage mata jiki, aikin da faffaɗan dutsenka na da ya fi wannan na'ura iyawa nesa ba kusa ba. Don haka kada ka jefar da shi. Wuƙar da za ka yanka layya da ita, in doguwa ce, a kansa za ka wasa ta, ka cire leɓen yadda na bayyana, ka gwada ta tun ana jajibiri, kuma a yi wasan nesa da idon dabbar kamar yadda addini ya koyar.